Matakin Haulatu

A filin sayar da tsofaffin motoci na hanyar Kongolam, wani matashi yana ta zagaya wata farar akori-kura, wani dattijo yana kallonsa daga benci.

"Samari, sau uku kana buɗe ƙofar nan, ba ka leƙa inji ba."

"Makaniki ya duba jiya, Baba. Za ta ja tankin ruwa zuwa gonarmu a Dutsi, ta kai ni aiki kullum. Tsayinta ne ya dame ni. Duk Talata nake kai mahaifiyata asibiti, gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa. In ba za ta iya hawa ba, na haƙura."

"Sa hannu bayan kujera."

"Matakin katako ne! Ya aka yi ka sani?"

"Ni na sa kafinta ya yi shi. Shekara shida matata Haulatu tana taka shi. Ka riƙe mata gwiwar hannu kawai, kada ka ja ta. Ba sa son a ja su."

"Ashe motarka ce."

"Ido ne ya daina ganin hanya. Kwana tara ina zuwa in ga hannun da za ta faɗa. Kowa inji yake tambaya."

"Hajiya ba za ta nemi matakinta ba?"

"Ta rasu bara da damina."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin. Je ka ɗauko Inna ta gwada. Ina nan, ni zan riƙe mata ƙofa."