Ƙyaure Ba Ɗaki

"Wallahi ba za a ɗora ƙyauren nan a kan kayana ba!"

A tasha ne, muna jiran mota ta cika. Wani ƙato ke yi wa wata tsohuwa ihu. Tana riƙe da ƙyauren langa-langa, laka ta bushe a jikinsa.

"Ɗan nan, shi kaɗai ambaliya ta bar mini."

"To Iya, ƙyaure ba ɗaki, me za ki rufe da shi? Iska?"

"Bakinka, in na samu dama."

Aka kwashe da dariya. Ya gyara zaman hularsa.

"Ai laifinku ne. A ce ku tashi daga bakin kogi, ku ce nan aka binne cibiyarku. Ruwa ya zo, ku cika rediyo da kuka, wai yanayi ya canja. Yanayi ne ya gina muku ɗaki a hanyar ruwa?"

"Shekara arba'in ina wurin, ruwa bai taɓa leƙo tsakar gidana ba. Gaɓa ce ta zube."

"Ni za ki koya wa kogi? Direban tifa ne ni. Shekara tara ina ɗibar yashi a gaɓar bayan makaranta, tun tana da tsayin mutum biyu. Yanzu kuwa ko gwiwa ba ta..."



Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Bayan makaranta ai unguwarmu ce. Ɗan nan, yashin namu, gidan wa aka gina da shi?"