Motar Ƴaƴan Masaƙa

Kuɗin da na tafi da su Kwatano kuɗin likkafani ne. Daina dariya, Habu, ai kai ka jawo zancen, tunda kai ka kawo mini mai sayen ƙarafa har ƙofar gida, yana zagaya motata yana ƙwanƙwasa ta kamar mai zaɓen kankana. Ku gyara zama ku ji abin da ya sa na kore shi. In kun ji, gobe ku ci gaba da cewa Baba Ilu ya rikice, yana gadin akurkin kaji.

Lokacin soja ke riƙe da ƙasa, ruwa kuma ya ɗauke mana ƙafa. Nan Tsibiri gero ya kawo iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mahaifina masaƙi ne, a gindin masaƙarsa na girma har na ajiye iyali, amma auduga ta yanke, kuma wanda bai ci ba ba ya tambayar kuɗin zane. Da na ce zan tafi ci-rani bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar tafiya ya miƙo mini kuɗi ƙulle a tsumma, ya ce in bi ta Sabon Gari a Maradi wurin Alhaji Mamman, mai fatauci zuwa bakin teku, ya riga ya yi masa maganata.

Yayata Hajo, wadda ke aure a Jiratawa, ita ta rako ni tasha. Sai da na sa ƙafa a mota ta gaya mini Baba ya sayar wa Alhaji Mamman likkafaninsa. Ku ƴan yanzu ba ku san wannan ba, sai mutum ya mutu ku ruga kanti. Tsofaffinmu tun da ƙarfinsu suke tanadin nasu. Na Baba shi ya saƙa abinsa, da zaren da Innarmu ta kaɗa a shekarar da ta rasu, ya naɗe ya ajiye cikin tukunya. Na yunƙura zan sauka, Hajo ta tare ƙofa, ta ce in na mayar da kuɗin na kunyata shi sau biyu. Tun daga tashar nan har bakin teku abu ɗaya ke cin raina, a ce masaƙi ya mutu a yi masa sutura da na roƙo. Na yi wa kaina alkawari ba za a yi haka ba ina raye.

Kwatano gari ne na bakin teku da ko ka yi wanka ba ka bushewa. Mai gidan da na kama ɗaki wata ƙatuwar mata ce, Madam kawai muke ce mata. Ta iya Hausar kasuwa, kalmar da ta fi so kuwa ita ce luwaye, wato kuɗin haya. Amma ba a kan luwaye muka fara faɗa ba, a kan ruwa ne. Ranar da aka fara ruwan sama na ga yana kwarara cikin kwata ba mai tarewa, zuciyata ta kasa ɗauka. Na kwashe bokitai da tukwanen mutanen gidan kaf na jera a tsakar gida, har da tukunyar miyarta.

"Kai Nijar, wa ya taɓa mini tukunya?"

"Madam, ruwa ne ke ɓaci."

"Ruwa? Juya bayanka, ga teku nan. Kwashe ka kai garinku."

"Da da hali, da na kwashe."

Ta dube ni, ta ɗauki tukunyarta ta shige. Daga ranar in an yi ruwa sai in tarar ta ajiye mini bokiti a bakin indararo. Luwaye dai ba ta taɓa ɗaga mini ƙafa ba.

Wakilin Alhaji ya sama mini aiki a wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake tara motocin da aka sauke kafin masu su su zo. Wanki nake yi. Mai wurin, Mesiye Kwajo, ba ya amsawa sai an ce masa fataron, wai ubangida ke nan da Faransanci. Ni kuwa bakina ya ƙi.

"Wa ya ce ka tayar da wannan motar?"

"Kai, fatara."

"Fataron!"

"Shi na ce."

Haka muka yi ta yi har na bar garin. Shi ya koya mini tuƙi, ba don Allah ba, don in riƙa matsar masa da motoci shi ya huta a inuwa. Ƙafar masaƙi ta saba da taka abu biyu, wannan ya sauka wancan ya tashi, saboda haka abin da suke kira ambarayaji, wanda ake takawa a canja giya, bai ba ni wuya ba. Sunan ya fi aikin wahala.

A zamanin nan motar Faransa ce sarauniya. Ta Japan kuwa direbobinmu gwangwanin madara suke ce mata. Wani ɗan Ƙonni ya rantse ba zai ɗora iyalinsa a kan abin da in ka jingina da shi yake loɓawa ba. Amma masu ita da ke dawowa sayen ta biyu, wani zance suke kawowa. Wani Buzu mai jigila zuwa Agadas ya ce tasa ta sha rairayi, ta sha mai mai ƙasa-ƙasa, ba ta taɓa kwana da shi a daji ba, aibinta ɗaya kujerar na karya ƙugu. Wani ya ce tsatsa ke cin ta in ta daɗe a bakin teku, kuma in wani ƙarfe ya lalace sai ka jira jirgi. Wani dattijo da aka tambaye shi ko kayan gyaranta na da tsada, ya ce bai sani ba, bai taɓa saya ba. Ni dai ina wanki ina saurare.

Wanda ya sa na ƙaunace ta Malam Bitrus ne, ɗan unguwarmu nan Tsibiri, Kirista, ya yi koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kafin ya koma akawu a tashar jirage. Ran Lahadi in ya fito majami'a yakan biyo ta filin, mu dama fura mu yi hirar gida. Wata rana ya dafa wata kat-kat, haka suke kiran mai ja da ƙafa huɗu, ya ce, "Ilu, ka san wannan ƴar'uwarka ce?"

Ya ce ya karanta cewa masu ƙera ta asalinsu ba maƙeran mota ba ne. Kakansu ɗan ƙauye ne da ya tashi yana ganin uwarsa na wahala a masaƙa, ya yi ta fama har ya ƙera masaƙar inji wadda in zare ɗaya ya tsinke sai ta tsaya da kanta, kada aibi ya shiga zane. Ɗansa ne ya juya ga mota. Na farkon da suka yi kwaikwayon na Turawa ne, ana yi musu dariya, yaƙi kuma ya zo ya bar ƙasarsu cikin yunwa irin tamu. Duk da haka ba su yar da dokar masaƙa ba, ko ƙaramin ma'aikaci ya ga aibi yana da ikon tsayar da aiki sai an gyara. Na ce masa ai wannan dokar Baba ce. In zare ya tsinke ka tsaya ka ƙulla, kada ka ce ƙoshiyar saƙa ta riga ta wuce. Ya sha buge mini hannu a kanta. Daga ranar nan in na zo kan motar Japan nakan ƙara mata sabulu.

Ina can wata damina ta sake wucewa a gida ba ruwa. Sai ga wani direban Alhaji da saƙon Hajo, idon Baba ya tafi, ƙafafunsa sun kumbura, in zo. Allah da ikonsa, a lokacin Alhaji ya sayi kat-kat ɗin Japan mai buɗaɗɗen baya, ana neman mai kai ta Maradi da buhunan masara, ni kuwa na riga na sami farmi, takardar tuƙi. Na shiga kanti na sayi bandirin alawayyo, fari fat, mafi kyan da ke wurin, na sa shi bayan kujera.

Daga Gaya, bakin iyakar ƙasarmu, zuwa gaba ban ƙara dariya ba. A kowane shinge soja su soka ƙarfe cikin buhu, su dubi takarda, su ɗaga sanda. Shanu a kwance gefen hanya, fata da ƙashi. Mutane na gangarowa daga arewa da ƙafa, ba mai roƙo, kallon buhunan kawai suke yi, kuma da sun roƙa da ya fi mini sauƙi. Bayan Dogon Dutsi na tarar ana gyaran wata gada, an karkatar da hanya cikin rairayin wani busasshen rafi. Manyan motoci sun nutse har ciki, direbobi na kwance ƙarƙashinsu, wasu sun kwana biyu a wurin. Ɗayansu ya ce in kashe gwangwanina in zo mu yi jira tare. Na sauka na murɗa makullan ƙafafun gaba yadda Buzun nan ya taɓa nuna mini, na yi bisimilla, na ce mata, ɗiyar masaƙa, tsoho na jira. Ta yi gurnani ta shiga, tana tafe tana rawa, har ta hau ɗaya gefen.

Alhaji ya karɓi motarsa, ya zagaya ta, ya sa aka bar buhu ɗaya a baya, ya ce in wuce Tsibiri da ita in ga mahaifina tukuna. Na tarar da Baba a zaure, kusa da ramin masaƙa da ƙasa ta cike. Ya shafa fuskata ya ce na rame, shi da ba a iya gane shi. Ya tambayi ƙarar da ya ji, na ba shi labarin da Malam Bitrus ya ba ni. Ya sa aka kama shi har wurin motar, ya shafa ƙarfen da zafinsa, ya ce ashe ba ko'ina masaƙi ya tsiyace ba. Sannan na ɗora masa bandirin a cinya.

Ya warware, ya bi shi da yatsu, kamu bayan kamu. Ya daɗe yana yi. Ya ce Allah ya yi albarka, ya naɗe. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka na cika alkawari. Washegari Hajo ta ja ni gefe, ta ce tun da safe yake warwarewa yana shafawa.

"Ƙulli yake nema," in ji ta.

Sai a lokacin na gane. Zaren Inna na ƙarshe hannunta na rawa ta kaɗa shi, ya yi ta tsinkewa, Baba na tsayawa yana ƙullawa. Ya san mazaunin kowane ƙulli. Wannan nawa kuwa inji ya saƙa shi sumul, ba inda yatsa zai tsaya.

A wurinmu ciniki in ya faɗa ya faɗa, abin kunya ne ɗa ya koma neman abin da ubansa ya sayar. Na haɗiye kunyar na koma Sabon Gari, na durƙusa gaban Alhaji, na ce zan tuƙa masa motar nan ba lada har sai ya ce ya isa, ya ba ni likkafanin. Ya shiga gaban motar ya ce in ja. Muka wuce unguwar Zariya muka fita bayan garin Maradi, inda mutanen arewa suka kakkafa tabarmi da tsummoki suka zauna. Ya ce tun da aka fara mutuwa a wurin yake ba da yadin sutura, har kantinsa ya ƙare. Ran nan wata mata ta rasu, ba dangi, ba wanda ya san sunanta, masu wanka na jira. Sai ya aika gida aka buɗe adakarsa aka ɗauko na Baba, wanda ya ajiye wa kansa.

"Ko da na san za ka zo nema, Ilu, da sai na bayar," in ji shi.

Na yi kuka a kan sitiyari, shi kuma ya juya fuska yana kallon waje har na gama.

Ban iya yi wa Baba ƙarya ba. Na zauna gabansa na gaya masa inda na je da abin da na tarar. Na yi zaton zai yi mini faɗa a kan na koma wurin Alhaji. Ya ɗora hannunsa a kan bandirin.

"Wa anka ruhe da shi?"

"Wata baƙuwa, Baba. Ba a san sunanta ba."

"Ya ishe ta?"

"Alhaji ya ce ya rufe ta ruf."

"To. Uwarka dama ba ta iya ganin baƙo ba mayahi."

Ya jawo bandirin, ya laluba bakin yankan, ya tsinci zare ɗaya da farce ya ja shi. Ya tsinka shi da haƙori. Sannan da yatsunsa kawai, ba ido, ya haɗa bakin biyu ya yi masa ƙullin masaƙa, irin wanda ya koya mini da duka. Ya shafa wurin, ya sake shafawa.

"Yanzu na san shi," ya ce.

Bai ga damina ba. Da muka zo yi masa sutura na laluba na sami ƙullin, na daidaita shi a kan ƙirjinsa.

Motar kuwa na tuƙa wa Alhaji ita har furfura ta fito mini. Ta kai hatsi bayan gari, ta ɗauko marasa lafiya, da ruwa ya dawo ta yi dakon gero da audugar Jiratawa, ta kai amare, har uwar Habu ita ta kawo ta gidan nan. Da Alhaji ya rasu ƴaƴansa suka ce in riƙe ta. Injinta ya mutu, ban musa ba, kaji ma na ƙwai a kan kujerar da ta karya mini ƙugu. Amma da ba ta ratsa rairayin nan ba, da kabari kawai za a nuna mini, in tsaya a kansa da bandiri a hannu. Habu, in mai ƙarafanka ya dawo gobe, ka ba shi ruwa ya sha, ka nuna masa hanya.