Ba Zan Ajiye Tocilata Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon maɗinkin hula ne a Zaitawa. Bara na samu shanyewar ɓarin jiki, hannun damana ya daina motsi. Ina da tocilar da ba ta cin batir, matsa ta ake yi, ta yi ƙara, ta kawo haske. Kullum da wannan hannun nake matsa ta. Da farko ko ƙyalli babu, yanzu har kafar allura nake gani. Jiya ɗana ya kawo mai caji, ya ce, "Baba, ka huta, ƙarar nan ta ishi mutane." Na san yana sauraron shirin nan. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma ba zan ajiye ta ba. Ranar da kuka daina jin ƙararta, ku zo ku duba ni.