An Rataya wa Ɗiyata Ƙashi Saboda Ta Yi Hausa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, Allah shi ƙara basira. Ni ne Bello makanike, daga Kalambaina.

Makon jiya, cikin shirinku na rediyo, kun gaya muna masu binciken ilimi sun gano yaro ya fi saurin iya karatu in an fara mishi da harshen gidansu. To, ku ji abin da ya same ni.

Da gwamnati tac ce firamare kyauta ce, na kai ɗiyata Hajaru da murna. Ran Laraba ta dawo tana kuka. Ta tambayi malaminsu ma'anar wata kalma da Hausa, sai ya rataya mata ƙashin saniya a wuya, 'yan aji suna ta dariya.

Na iske shi makaranta, yac ce, "Malam Bello, doka ce, ba a Hausa cikin aji." Kuma da Hausa ya faɗa mini.

Yarinyar da ke koya ma ƙannenta baƙaƙe, yau ta ƙi komawa makaranta. Binciken ga, don rediyo kaɗai anka yi shi? Wa zai kai ma malamai? Ku ba ni shawara, mi zan ce mata gobe da safe?