Ihun Sarkin Noma Audi

Da sunan Allah Mai rahama. Mai girma shugaban taro, masu girma hakimanmu da dagatai, malamai, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, assalamu alaikum.

Ni ne Mani na Ruwan Godiya, kuma ƙungiyar manoma ce ta ɗora mini yin godiya. Mun gode wa waɗanda suka tuna da ƙafar manomi a wannan zamani na arzikin mai, har suka kawo na'urar bugun jijiya wannan asibiti. Mun gode wa Malama Tabita, mai gashin ƙashi, wadda take riƙe da ita.

Magana ta farko, na'urar nan ba ta yanka, ba ta ƙuna irin ta sakiya. Ana shafa mai a wurin ciwo, a ɗora kanta mai kama da ƙaramar taɓarya, ta yi ta bugawa har cikin jijiyar da ta daɗe tana ciwo. Sai an yi ta komawa, sai an huta, kuma Malama ta ce ba kowa take yi wa aiki ba.

Magana ta biyu ita ce ta tsayar da ni a gabanku. Na'urar ba ta da ido, sai mai ciwo ya ce ga wurin. Mu kuwa an rene mu a kan dauriya.

Ga abokina Sarkin Noma Audi na Sheme zaune a gaba, yana hararata. Damina biyu agararsa, wato jijiyar bayan diddige, tana ciwo, har dattawa suka fara shawarar ba wani jagorancin gayya, tunda mai ɗingishi ba ya jan kunya. Wallahi na ji tausayinsa, domin ban taɓa ganin ya tsaya a gindin itace ana noma ba sai bara.

Surukinsa Bilya, mijin 'yarsa, shi yake kawo shi a kan babur, kuma don ladabi sai ya tsaya a kansa riƙe da takalma. Malama ta danna nan, ta danna can, tana tambaya, "Baba, nan ne?" Shi kuwa gumi yana zuba, amma ya ce, "Babu komi, ɗiyata, ci gaba." Jama'a, wa ya taɓa jin dattijo ya yi raki a gaban suruki? Haka aka yi ta laluben wurin, ya koma gida yana cewa injin banza ne.

Mai ɗakinsa Hajiya Larai ce ta gane. Ta biyo su, ta dubi mijinta, ta dubi Bilya, ta ce, "Yaro, tai tasha ka sawo mani goro, kuma ka zaɓa a hankali." Ƙarar babur ba ta gama nisa ba Malama ta danna bayan diddige, Sarkin Noma ya ce, "Wayyo Allah, nan ne!" Masu jiran layi sun ce har akuyar da ke bakin ƙofa ta tsere.

Daga ranar aka samu wurin. Ya yi ta komawa, Hajiya ta yi ta aiken goro, har gidansu ya rasa inda za a zuba shi.

Saboda haka ina roƙonku, ya ku manoma, ku ajiye dauriya a bakin ƙofa tare da takalmanku. Ku faɗi inda ke ciwo, ku faɗa da ƙarfi, ku bar surukai a waje.

Ina kuma sanar da ku cewa dattawa sun janye waccan shawara. Gayyar bana Audi ne zai ja kunyar farko, kuma yau da ƙafarsa ya hau wannan dandamali, Bilya yana biye da shi, shi kuwa Bilyan bai san dalilin aiken goron ba sai yanzu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.