Kujerar da Ta Rage

A bakin tashar Ƙonni Muttaƙa ke goge 'yar jar motarsa, sai wani dattijo mai zakara a hammata ya matso yana kewaya ta.

"Tubarkalla! Samari, wagga mota ce ko ɗiyar mota?"

"Mota ce, Baba. Injinta na baya, mai kaɗan take sha. Lungun da amalanken jaki ya shiga, tana shiga."

"Kai, ta yi kyau! Ina mazaunin baya?"

"Babu. Kujera biyu gare ta."

"To ranar kasuwa, in ka iske mutanen garinku bakin hanya da buhunansu?"

Muttaƙa ya yi murmushi, don abin da ya raba shi da tsohuwar motarsa ke nan. "Sai in ɗaga musu hannu. Da, har akuya an ɗora mini. Yanzu ba mai cewa na hana shi wuri."

"Wanda ya ƙera ta ya san halin dangi! Ina ka nuhwa?"

"Badagishiri."

"Alhamdu lillahi! Tajaye bisa hanya take, kuma ni ɗaya ne."

Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya gyara wa zakaran zama bisa cinya.