Ragon da Aka Sa wa Rigar Hana Nutsewa

"Mama, rago ma yana jin sanyi ne?"

Jannatu ce ta tambaya a Kasuwar Shanu, tana nuna wani rago sanye da rigar hana nutsewa, irin wadda hukuma ta raba saboda ambaliya. Uwarta Lauratu guda ɗaya ta samu, ga yara biyu. Ta matsa wurin dattijo mai ragon.

"Baba, don mutane aka raba rigar nan. Ka taimaka wa ƙaramin ɗana da ita."

"'Yata, ni na iya ruwa, shi bai iya ba."

"A ina ka koya?"

"A ambaliyar da ta wuce. Ƙahonsa na riƙe har muka kai tudu."

"Ashe shi ne ya iya, Baba. Kai jan ka aka yi."

Dattijo ya dubi ragon. Ya kwance rigar a hankali. Lauratu ta miƙa hannu biyu, sai ya zura ta a kan babbar rigarsa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin ceci rai."

Iyaye mata, in kun je roƙon rigar nan, ku karɓe ta tukuna kafin ku faɗa wa mai ita gaskiya.